Yohanna Mai Bakin Zinariya

A ƙarshen shekarar 397 aka aika wa wani limamin coci a birnin Antakiya cewa Asteriyus, gwamnan lardunan gabas, yana son ganinsa a wata 'yar majami'ar shahidai da ke bayan ganuwa. Limamin, mai suna Yohanna, ya fita amsa kira. Yana isa aka tura shi cikin keken doki, aka kaɗa dawaki, aka nufi arewa. Tafiyar da aka ɗauko ta fi kilomita 1000, kuma ƙarshenta Kustantiniya, hedkwatar Daular Rum ta gabas, birnin da kakanninmu suka sani da Santambul. Fada ta yanke shawarar naɗa shi babban bishop na birnin sarki, ba tare da an nemi jin ta bakinsa ba. An sace shi ne a ɓoye saboda hukuma ta san cewa in mutanen Antakiya suka ji za a raba su da mai wa'azinsu, gari zai yamutse. Har ya mutu bai sake taka Antakiya ba.

Wanda ya ƙulla wannan sata shi ne Yutrofiyus, baban gidan sarki, wato namijin da aka dandaƙe tun yana ƙarami aka sayar da shi bawa, ya bi ta hannun iyayengiji daban-daban har ya zama shi ke riƙe da ƙofar ɗakin Sarki Arkadiyus. Wanda ya san tarihin fadojin ƙasar Hausa ya san irin ƙarfin da babanni kan yi, don su ne ke shiga inda hakimi ba ya shiga. Yutrofiyus ya so a ce birnin sarki ne ke da mai wa'azin da ya fi kowa baki a duniyar masu jin Girkanci. Ya ɗauka ado ya sayo wa fada. Abin da bai lissafa ba shi ne cewa mutumin nan ya yarda da kowace kalma da yake faɗa a kan mumbari.

An haifi Yohanna wajen shekarar 347 a Antakiya, wadda yau take kudancin Turkiyya, kusa da iyakar Siriya. A wancan zamani tana cikin manyan biranen daular, kuma a nan ne aka fara kiran mabiya Almasihu da sunan Kirista. Mahaifinsa, Sekundus, babban jami'in soja ne, ya rasu yaron yana jariri. Mahaifiyarsa Antusa ta zama gwauruwa tana da shekara 20 kacal, ta ƙi sake aure, ta riƙe dukiyar maraya, ta kai shi makarantar Libaniyus, malamin balaga da ba shi da na biyu a zamaninsa. Libaniyus ba Kirista ba ne, yana nan kan addinin gumakan Girkawa har ya mutu. Masanin tarihi Sozomen ya ruwaito cewa da aka tambaye shi a gadon mutuwa wa zai gaji kujerarsa, ya ambaci Yohanna, ya kuma yi ƙorafin cewa Kiristoci sun sace masa shi.

Da wannan ilimi saurayin zai iya zama lauya ko babban ma'aikacin gwamnati. Sai ya karɓi baftisma, ya zauna karatun Littafi Mai Tsarki a wajen malami Diyodorus, daga nan ya hau duwatsun da ke bayan gari ya shiga cikin masu zuhudu. Ya yi shekara 4 tare da wani tsoho, sannan ya yi 2 shi kaɗai a cikin kogo, yana haddar Littafi, da wuya ya kwanta, dare ko rana. Sanyi da yunwa suka lalata masa ciki da ƙoda. Ya sauko gari da jikin da bai ƙara warkewa ba. Wannan ciwon ciki, wanda ya zama kamar ƙaramin abu a labarin, zai dawo ya zama ɗaya daga cikin tuhume-tuhumen da aka kayar da shi da su.

An naɗa shi dikon a 381, sannan Bishop Filabiyan ya naɗa shi limami a 386 ya ba shi mumbari. Gajere ne, ramamme, mai sanƙo, ba shi da ƙirar da ke cika ido. Amma in ya buɗe baki sai cocin ta cika maƙil. Mutanen Antakiya 'yan son wasa ne, sun saba da tafi a gidajen wasan kwaikwayo da filin sukuwa, suka kawo wannan ɗabi'a cikin coci. Ya yi ta roƙonsu su daina tafa masa su kai maganar gida su yi aiki da ita. Wata rana daga baya, a Kustantiniya, ya ce zai kafa doka a hana tafi, jama'a suka ji daɗin yadda ya tsara maganar, suka ɓarke da tafi.

Abin da ya fi dawowa a bakinsa shi ne talaka. Ya yi lissafin garinsu ya ce kashi ɗaya cikin goma masu kuɗi ne, kashi ɗaya cikin goma ba su da komai, sauran suna tsakiya, don haka babu dalilin da zai sa wani ya kwana da yunwa. Ya gaya musu cocin Antakiya kaɗai tana ciyar da gwauraye da 'yan mata 3000, ban da fursunoni da marasa lafiya da baƙi, alhali kuɗin shigarta bai fi na attajiri ɗaya ba. Ya koyar cewa hana talaka rabonsa daga dukiyarka sata ce, don dukiyar amana ce a hannunka. Ya yi wa masu kawo wa coci kofin zinariya faɗa, ya ce su fara ciyar da mayunwacin da ke bakin ƙofa kafin su yi wa bagadi ado. Akwai wa'azin da ya yi a kan matan da ke sa maƙera su ƙera musu tukunyar fitsari ta azurfa, mutum ɗan'uwansu kuwa yana mutuwa da sanyi a waje. Ba ya zagaye-zagaye, yana kiran abu da sunansa, kuma masu abin suna zaune a gabansa.

A farkon 387 aka karanta wa garin wasiƙar Sarki Tiyodosiyus na Farko mai ɗauke da sabon haraji. Jama'a suka fusata, suka tumɓuke mutum-mutumin sarki da na matarsa marigayiya da na 'ya'yansa, suka ɗaura musu igiya suka ja su a titi. A dokar Rum, taɓa siffar sarki daidai yake da taɓa sarki. Kafin rana ta faɗi hankali ya dawo, tsoro ya sauka. Aka kashe wasu nan take, masu hali suka gudu dawa, kasuwa ta mutu. Wakilan sarki suka iso, suka rufe gidajen wanka da gidajen wasa da filin sukuwa, suka sauke Antakiya daga matsayinta aka sa ta ƙarƙashin Lawudikiya, suka tsare manyan gari suna jiran hukunci. Tsoho Filabiyan ya bar 'yar'uwarsa a kwance ba lafiya, ya kama hanyar Kustantiniya cikin sanyi don ya roƙi afuwa. Aka bar wa Yohanna gari.

Lokacin Azumin da ke gaban Ista ne. Kusan kullum yana hawa mumbari a gaban mutanen da ba su san ko za a ƙone musu gari ba. Wa'azi 21 daga wannan lokaci sun iso mana a rubuce. Yana lallashinsu, yana tsawata musu, yana gaya musu cewa tunda an rufe gidajen wasa sai su yi amfani da damar su gyara hali, musamman yawan rantsuwa da ya ga ta zama musu jiki. Masu zuhudu suka sauko daga duwatsu suka tare wakilan sarki a hanya suna neman rai ga waɗanda aka tsare. Kafin Ista Filabiyan ya dawo da afuwa. Daga wannan shekara sunan Yohanna ya fita daga Antakiya.

A wannan lokaci ne kuma ya yi abin da ba zan iya tsallakewa ba. Tsakanin 386 da 387 ya yi wa'azi 8 a kan Kiristocin da ke zuwa majami'un Yahudawa suna azumi da bukukuwa tare da su. Don ya hana su, ya yi wa Yahudawa zagi mai muni, da duk ƙwarewar da ya koya a wajen Libaniyus. Ƙarnuka bayan mutuwarsa masu ƙin Yahudawa sun ci gaba da ɗauko waɗannan kalmomi suna wasa wuƙa da su. Ina girmama mutumin nan, kuma saboda haka ne wannan ya fi yi mini ciwo. Harshen da ya kare gwauruwa da maraya shi ne ya yi wannan ɓarna, kuma bai dace a ɓoye ta a bayan sunan waliyyi ba.

Aka naɗa shi a Kustantiniya ran 26 ga Fabrairu 398. Wanda ya ɗora masa hannu shi ne Tiyofilus, bishop na Iskandariya a Masar, wanda ya zo da nasa ɗan takarar, aka tilasta masa ya janye. Ya yi naɗin da haushi a ciki, ya koma Masar ya ajiye shi.

Wanda ya riga Yohanna a kujerar, Nektariyus, tsohon ɗan majalisar dattawa ne mai sauƙin kai, gidansa kullum da walima. Yohanna ya buɗe littafin kuɗin gidan bishop, ya ga yawan abin da ake kashewa, ya datse shi, ya mayar da kuɗin ga asibitoci, ya ɗauki likitoci da masu dafa abinci. Ya sayar da duwatsun marmara da kayan alatu. Ya hana limamai ajiye matan da suke kira 'yan'uwa a ruhu a gidajensu. Ya kori wasu dikononi. Ya gaya wa masu zuhudun da ke yawo gida-gida a birni su koma ɗakunansu. Ya daina ba da walima kuma ba ya zuwa ta wani, yana cin abinci shi kaɗai saboda cikinsa ba ya ɗaukar abincin manya. A birnin da ake ƙulla komai a kan tabarmar cin abinci, an ɗauki wannan a matsayin girman kai. Wata attajira, Olimfiya, gwauruwa kuma dikoniya, tana rabar da dukiyarta ga duk bishop ɗin da ya zo roƙo. Yohanna ya ba ta shawara ta duba wa take ba, ta ba mabukaci. Waɗanda famfonsu ya ƙafe ba su yafe masa ba.

Dole a faɗa, shi ma bai iya zama da mutane ba. Sokratis, masanin tarihin da ya rayu a birnin, ya ce mutum ne mai gaskiya amma mai saurin fushi da sakin baki, kuma babban dikon ɗinsa, Sarafiyon, yana ƙara zuga shi a kan limamai. Talakawa dai suna mutuwar sonsa. Ya bar kujerar bishop da ke can ƙuryar coci, yana zama a mumbarin masu karatu a tsakiyar jama'a don a ji shi.

Yutrofiyus a lokacin ya kai ƙololuwa. Shi ya haɗa auren sarki da Yudoksiya, 'yar wani janar Bafaranke. Ya jagoranci yaƙi da Hunawa, ya zama ƙonsul a 399, muƙamin da ba a taɓa ba wani baba ba. Yana kayar da manya yana ƙwace musu dukiya. Da ya ga waɗanda yake farauta suna gudu cikin coci suna neman mafaka, kamar Fentadiya, matar Janar Timasiyus da ya kora zuwa hamadar Masar, sai ya sa aka yi doka ta hana coci ɓoye wanda hukuma ke nema. Yohanna ya yi masa magana, bai ji ba. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A cikin shekarar nan ta 399 sojojin Gotawa suka yi tawaye, Janar Gainas ya ce ba sulhu sai an ba da Yutrofiyus, sarauniyar da ya ɗaura wa aure ta juya masa baya, sarki ya tuɓe shi. Mutumin da jiya ake faɗuwa a gabansa ya fita da gudu, ya shiga babbar coci, ya rungume ƙafar bagadi.

Sojoji suka zo da makamai suna neman a miƙa shi. Yohanna ya hana. Aka kai Yohanna gaban sarki, ya tsaya a kan bakansa. Washegari cocin ta cika da mutanen da suka zo kallon faɗuwar azzalumi, da yawansu suna son jininsa. Yohanna ya hau mumbari, ga Yutrofiyus can a ƙarƙashin bagadi yana makyarkyata, kowa yana ganinsa. Ya buɗe da ayar Littafin Mai Wa'azi a kan rashin tabbas na duniya, ya shiga tambayar ina fitilun da aka kunna masa, ina masu tafi, ina abokan cin abinci. Ya tuna masa gargaɗin da ya sha yi masa. Sannan ya juya ga jama'a ya ce cocin da mutumin nan ya yaƙa ita ce yau ta buɗe masa ƙofa, kuma wannan shi ne adonta mafi girma, ya tambaye su da wane baki za su roƙi Allah gafara in suka hana wani. Mutane suka yi kuka. Wasu a zamanin sun ce ya yi rashin tausayi da ya mai da wanda ya faɗi abin darasi a bainar jama'a. Ni ina ganin ya san taron da ke gabansa: sai da ya bar su suka ƙoshi da ganin ƙasƙancin mutumin kafin zuciyarsu ta iya sakinsa. Ya ceci ransa a ranar. Daga baya Yutrofiyus ya fita daga cocin, aka kama shi, aka kai shi tsibirin Kubrus, aka dawo da shi Kalsidon aka sare masa kai.

Da farko Sarauniya Yudoksiya tana tare da Yohanna. Ta ba da gicciyen azurfa don jerin gwanon dare da ya shirya, ta taɓa bin sa a ƙafa zuwa wata majami'ar shahidai a wajen gari. Amma wa'azinsa a kan ado da almubazzarancin matan manya bai tsaya ba, kuma akwai gwauraye uku masu faɗa a ji a fada, Marsa da Kastirisiya da Yugirafiya, da suka ɗauka da su yake. Aka fara kai wa sarauniya tsegumi cewa ya kamanta ta da Yezebel, muguwar sarauniyar nan ta cikin Littafi Mai Tsarki. Ya kuma tafi Afisa ya tuɓe bishop-bishop da suka sayi muƙamansu da kuɗi, ya ƙara yawan masu jiran ranarsa.

Ranar ta zo daga Masar. Tiyofilus ya kori wasu masu zuhudu daga hamadar Nitiriya, cikinsu akwai 'yan'uwa huɗu da ake kira Dogaye saboda tsayinsu. Suka gudo Kustantiniya suka faɗi a gaban Yohanna. Ya ba su masauki, ya rubuta wa Tiyofilus yana neman sulhu. Su kuma suka kai kuka ga sarauniya, fada ta kira Tiyofilus ya zo ya amsa tuhuma, Yohanna ne zai yi alƙalanci. Yohanna ya ƙi, ya ce dokar coci ba ta ba shi ikon shiga sha'anin Masar ba. Tiyofilus bai mayar masa da wannan mutunci ba. Ya iso a 403 da rundunar bishop-bishop da kyaututtuka, ya ƙi gaisawa da Yohanna, ya zauna makonni yana tattara duk wanda aka taɓa ɓata wa rai. Wanda aka kira a tuhuma ya koma alƙali.

Suka zauna a wani gidan gona da ake kira Itacen Oak, kusa da Kalsidon, a tsallaken ruwa. Bishop 36 ne, mafi yawansu 'yan Masar. Jerin tuhume-tuhumen ya iso mana, kuma karanta shi yana sa mutum baƙin ciki. Wai ya sayar da kayan coci, wai ya zagi limamai, wai yana cin abinci shi kaɗai kamar dodo, wai yana wanka shi kaɗai, wai yana jefa 'yar alewa a baki a cikin coci bayan ibada. Yohanna, wanda bishop 40 ke zaune tare da shi, ya ce zai zo in an cire maƙiyansa na fili daga kujerar alƙalai. Suka tuɓe shi saboda ƙin halarta, sarki ya sa hannu. Jama'a suka kewaye coci kwana uku. Don kada a zubar da jini, ya sulale ya miƙa kansa, aka haye da shi ruwa da dare. Ba a yi kwanaki ba wani abin firgici ya faru a cikin fada, gari kuma yana tafasa, sarauniya da kanta ta aika a dawo da shi. Aka tarye shi da fitilu a bakin ruwa, Tiyofilus ya shiga jirgi ya gudu Masar.

Zaman lafiyar bai wuce wata biyu ba. Aka kafa mutum-mutumin Yudoksiya na azurfa a kan ginshiƙi dab da babbar coci, aka yi bikin buɗewa da kiɗa da rawa har hayaniyar ta hana ibada. Yohanna ya yi magana. Aka kai wa sarauniya. Sokratis ya ruwaito cewa a wani wa'azi bayan haka ya ambaci Hirudiya, matar da ta nemi kan Yahaya mai baftisma a cikin tire, kuma kowa ya san cewa a Girkanci sunan Yahaya da na Yohanna ɗaya ne. Baki shi ke yanka wuya. Maƙiyansa suka tono wata tsohuwar doka da ta ce bishop ɗin da majalisa ta tuɓe, in ya koma kujera ba da izinin wata majalisar ba, ya sauka har abada.

A daren Ista na 404, lokacin da ɗaruruwan mutane suka tuɓe don karɓar baftisma, sojoji suka faɗa musu. Mata suka watse ba sutura, jini ya gauraya da ruwan baftisma. Mabiyansa suka koma wani gidan wanka na jama'a, aka bi su can, suka fita fili bayan gari suka yi sallar Ista. Ran 20 ga Yuni umarnin kora ya zo. Ya shiga ɗakin baftisma ya yi sallama da Olimfiya da sauran dikoniyoyi, cikinsu har da Fentadiya, ya roƙe su su yi biyayya ga duk wanda aka naɗa bisa ƙa'ida, kada su bar coci. Ya sa aka ɗaure abin hawansa a ƙofar yamma inda jama'a suka taru suna jira, shi kuma ya fita ta ƙofar gabas ya miƙa kansa ga sojoji. A ranar wuta ta tashi ta cinye cocin da zauren majalisar dattawa. Aka ɗora wa mabiyansa, aka azabtar da su, wani saurayi mai karatu a coci ya mutu a hannun masu azaba. Olimfiya ta ƙi amincewa da wanda aka naɗa a madadinsa, aka ci ta tara mai yawa, ta ƙare rayuwarta a Nikomidiya. Yudoksiya kuwa ta rasu a watan Oktoba na shekarar, sakamakon ɓari.

Kwana 70 aka yi ana tafiya da shi, cikin zafin bazara, yana fama da zazzaɓi. A Kaisariya ya samu likitoci da ɗan hutu, sai wasu masu zuhudu suka taso da kulake suka ce za su ƙone gidan in bai fita ba, bishop na garin kuma ya zuba ido. Wata mata ta ba shi gidanta na ƙauye, aka matsa mata ta fitar da shi da tsakar dare. Aka kashe fitilu don tsoron 'yan fashin Isauriya, alfadarin da ke ɗauke da shi ya yi tuntuɓe ya kayar da shi, wani limami ya kama hannunsa yana jan sa cikin duhu a kan duwatsu. Shi da kansa ya rubuta wa Olimfiya wannan labari, ya kuma roƙe ta kada ta yaɗa shi.

Aka ajiye shi a Kukusus, wani ƙaramin gari a cikin duwatsun Armeniya, wanda yau ake kira Goksun a Turkiyya. Sanyin wurin ya kusa kashe shi. Ya rubuta cewa yakan rufe ƙofa ya hura wuta ya lulluɓa, hayaƙi na cinsa, amai da ciwon kai ba sa barinsa barci. Da 'yan fashi suka matsa, ya gudu zuwa ganuwar Arabisus cikin ƙanƙara. Amma daga wannan lungu wasiƙu suke ta fita, kusan 240 sun rage har yau, 17 daga ciki zuwa ga Olimfiya, wadda baƙin ciki ya kwantar. Wanda aka kora shi ke rarrashin wadda ta rage a gida. Ya rubuta mata ɗan littafi yana kafa hujja cewa babu mai iya cutar da mutum in ba shi ya cuci kansa ba. Kuɗin da masoya ke aiko masa yana fansar waɗanda 'yan fashi suka kama da shi, yana tallafa wa masu bishara a Finikiya. Mutanen Antakiya suka fara yin takakkiya zuwa wurinsa. A Roma, Paparoma Inosan na Farko ya ƙi amincewa da tuɓe shi, aka aiko da tawaga, hukumar gabas ta tsare su ta wulaƙanta su ta mayar da su.

Maƙiyansa suka ga Kukusus ba ta yi nisa ba. A 407 aka ba da umarni a kai shi Fitiyus, can gabashin Baƙin Teku, a ƙarshen iyakar daula. Sojoji biyu suka tasa shi gaba a ƙafa. Faladiyus, abokinsa da ya rubuta tarihinsa, ya ce ɗayan yana ɗan tausaya masa a ɓoye, ɗayan kuwa in ana ruwa sai ya ce a fita, in rana ta take sai ya ce a ci gaba, ga tsoho da sanƙo ba hula, kuma ba a tsayawa a garin da ke da wurin wanka. Wata uku suna tafiya. Suka kwana a majami'ar wani shahidi mai suna Basiliskus, kusa da Komana, a yankin Tokat na yau. Da safe ya roƙa a jinkirta, suka ƙi. Ba su yi nisa ba jikinsa ya gaza, dole suka juyo da shi. Ya nemi fararen tufafi ya sa, ya rabar da waɗanda ke jikinsa, ya karɓi Jibin Ubangiji, ya yi addu'a, ya rufe da godiya ga Allah a kan kome, kamar yadda ya saba. Ya cika ran 14 ga Satumba 407, yana da shekara 60 ko kusa da haka. Aka binne shi kusa da shahidin.

Mabiyansa a Kustantiniya sun ƙi komawa cikin coci shekara da shekaru. Roma ta ƙi sulhu da manyan cocin gabas sai da aka mayar da sunansa cikin jerin bishop-bishop da ake ambata a addu'a. Laƙabin Kirisostom, wato mai bakin zinariya, bai ji shi da kunnensa ba, bayan mutuwarsa aka sa masa. Tsarin ibadar da cocin Otodoks ke bi a yawancin ranakun Lahadi yana ɗauke da sunansa har yau. Ƙasusuwansa ma sun yi yawo: mayaƙan gicciye sun kwashe su a 1204, suka ƙare a Roma, sai a Nuwamba 2004 Paparoma John Paul na Biyu ya mayar da wani sashe ga Bartalomawus, shugaban cocin Otodoks a Istanbul, wato Kustantiniya ta da.

Dawowar gawarsa ta farko ta faru ne tun a Janairu 438, shekara 30 da 'yan watanni bayan rasuwarsa. Aka tono akwatinsa daga Komana aka kawo shi ta ruwa. Jiragen da suka fito tarye sun rufe mashigin Bosforus, fitilu ko'ina. Sarkin da ke kan gado a lokacin shi ne Tiyodosiyus na Biyu, ɗan Arkadiyus da Yudoksiya, wanda yake ɗan shekara 3 lokacin da aka fitar da Yohanna ta ƙofar gabas. Ya zo ya kifa fuskarsa a kan akwatin, ya roƙi gafara ga uwarsa da ubansa. Daga nan aka ɗauki gawar zuwa Cocin Manzanni, inda ake binne sarakuna, inda iyayen nasa biyu suke kwance.